"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": Wa ya faɗe shi a muhallinsa?

Ɗan Auta: Jama'a, kawuna da gwaggona sun sami saɓani a kan ƙanwarmu mai shekara 15. Shi yana so a aurar da ita bana, ita kuma tana so a bari ta kammala sakandare, amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne dukansu biyu da wannan karin magana suka kafa hujja. Wane ne a cikinsu ya faɗe shi a muhallinsa?

Baban Yara: Ɗana, kawunka ya fi kusa da gaskiya. Yarinyar da ta shiga ɗakinta da ƙuruciya ita ce take saurin sabawa da halin mijinta, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ungozoma: Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu da muke kwana a ɗakin haihuwa wani abu dabam muke gani. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ita ce ake kawo mana da doguwar naƙuda, wadda takan ƙare da yoyon fitsari, kuma jijjiga da haihuwar bakwaini sun fi yawa a tsakanin waɗanda ba su kai shekara 20 ba. Karin maganar nan a kan tarbiyya aka yi shi, ba a kan ɗaukar ciki ba.

Malamin Lissafi: Hajiya ta yi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 'yan mata kusan miliyan 12 masu shekara 15 zuwa 19 ne suke haihuwa duk shekara a ƙasashe masu tasowa. A duniya baki ɗaya an samu raguwa, daga kusan haihuwa 65 cikin kowace dubu ta 'yan matan a shekarar 2000 zuwa kusan 41 a 2023, kuma Kudancin Asiya ne ya fi kowa saurin sauka, yayin da Afirka kudu da Sahara take kusa da 100 har yanzu. Inda 'yan mata suka daɗe a aji, a nan adadin yake faɗuwa.

Mai Tsokana: Malam, ka rage murya kada masu manyan riguna su ji, domin gobe za su kira taro a babban otal su ce su ne suka rage adadin, alhali makarantar da za a tanƙwara iccen a cikinta ko rufi ba ta da shi. Nasu 'ya'yan kuwa sai sun kammala digiri na biyu a ƙasar waje ake fara maganar manemi.

Uwar Biyu: Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta kai sha huɗu ba aka aurar da ita. Haihuwarta ta fari ɗan bai zo da rai ba, ita ma sai da aka fitar da tsammani, kuma ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne tana kwance tana jiyo muryar ƙawayenta suna wasa a waje, tana so ta tashi ta bi su. Duk da haka, da babbar 'yarta ta tasa, da hannunta ta aurar da ita a irin wannan shekarun, kuma wannan karin magana ta faɗa wa masu hana ta. Sai da aka zo kanmu jikoki ta juya. Ranar da aka zo neman auren yayata tana aji uku, tsohuwar nan ta zauna a bakin ƙofa da sandarta ta ce babu mai wucewa, kuma da aka tuna mata maganarta ta dā, cewa ta yi ita ma ɗanyar ce aka tanƙwara, har gobe bayanta bai miƙe ba.

Baban Yara: To ai kin ga ita ma tsohuwar gida biyu ta raba shi. Kuma kada a manta da haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, domin jinkirin ma yana da nasa haɗarin.

Ungozoma: Baba, tsakanin 'yar sha biyar da guzuma akwai shekaru masu yawa da babu wanda ya hana a yi auren a cikinsu.

Mai Tsokana: Ni dai a ba ni aron sandar nan ta kaka, akwai masu zuwa neman ƙuri'a da nake so in tare a bakin ƙofa.