Baƙin kalmomin Turanci da muka ci karo da su a bakin aiki

Malamin Turanci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon kowa ya kawo mana wata baƙuwar kalmar Turanci da ya gamu da ita a wurin aiki ko karatu, da yadda ma'anarta ta bayyana gare shi. A ganina doguwar kalma ba ta cika cutarwa ba, domin tsawonta kaɗai kan kora mutum zuwa ga ƙamus. Abar tsoro ita ce wadda ta yi kama da wata da aka riga aka sani. Kowace shekara ɗalibaina sukan ɗauka cewa noisome na nufin mai hayaniya, saboda kamanninta da noise, alhali ma'anarta abu mai ɗoyi ko abin ƙyama, kuma tushenta ɗaya da annoy.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Wa alaikumus salam Malam. A wajenmu lamarin ya wuce faɗuwa jarrabawa. Na taɓa tarar da wani sabon ma'aikaci ya ajiye kwalbar sinadari dab da wuta, da na tambaye shi dalili sai ya nuna mini inflammable a jikin kwalbar, yana cewa ai gaɓar "in" a farkon kalmar Turanci korewa take yi, kamar a invisible. Ita kuwa wannan kalmar daga Latin ta fito, daga inflammare, wato cinna wuta, saboda haka inflammable da flammable duk abu mai saurin kamawa suke nufi, wanda ba ya kamawa kuma shi ne non-flammable. Ruɗanin nan ne ya sa masu rubuta gargaɗin haɗari suka fi karkata ga flammable.

Mai aikin tafinta:
Malama, naki ma da sauƙi, tunda amsarsa ɗaya ce. Ni kalmomi masu fuska biyu ne suka fi ba ni aiki. A wani taro da na yi wa tafinta, wakili daga Birtaniya ya nemi a yi table ɗin wani ƙudiri, sai wakili daga Amurka ya tashi ransa a ɓace yana cewa ƙudirin yana da muhimmanci, ba zai yarda ba. Dukansu so suke a tattauna shi nan take, sai dai a Birtaniya kalmar na nufin gabatar da batu, a Amurka kuwa jingine shi. Haka sanction take: wani lokaci amincewar hukuma ce, wani lokaci takunkumi, kuma sai ka saurari jimlar har ƙarshenta kafin ka buɗe baki. Biweekly kam na daina fassara ta kai tsaye, domin ƙamus ya yarda da sau biyu a mako ya kuma yarda da sau ɗaya a mako biyu. Ranakun nake tambaya.

Malamin tarihi:
Ranka ya daɗe Malam, ban yarda gaba ɗaya cewa doguwar kalma ba ta da wahala ba, domin ƙamus yakan ba ka ma'anarta ya bar ka ba ka san abin da ake nufi ba. Na fara ganin defenestration ne a darasin tarihin Turai. Ma'anarta wurgo mutum ta taga, daga fenestra ta Latin, amma sai da na karanta abin da ya faru a fadar birnin Prague, a ƙasar Czech ta yau, a 1618, inda Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta suka jefo wakilan sarki biyu da sakatarensu ta taga, abin da ya kunna Yaƙin Shekara Talatin, sannan na gane dalilin da 'yan jarida ke amfani da ita a yau idan an tumɓuke shugaba ba zato. Mutanen ukun, abin mamaki, duk sun rayu.

Ɗalibar kimiyya:
Tawa gajeriya ce. A wata maƙala na ga petrichor, ƙamshin da ke tashi idan ruwan sama ya sauka a busasshiyar ƙasa. Masana biyu a Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, su suka ƙirƙiro ta a 1964, shi ya sa da na duba wani tsohon ƙamus da aka buga kafin wannan shekara ban same ta ba.