Surukata ta ce kada a sake ɗora wa jaririna na'ura a maɗiga

Mai tambaya, daga Kumo: Assalamu alaikum. Anti admin, don Allah a sakaya sunana. Na haifi bakwaini, cikin yana sati 30, nauyinsa kilo 1.3. Yau kwanansa 6 a kwalba a nan Gombe. Sau biyu ke nan ana turo na'urar sikanin har gefen kwalbar, a shafa masa wani abu mai yauƙi a ƙirji da maɗiga, ina hango ja da shuɗi suna gilmawa a allo. Likita ya ce wata jijiya kusa da zuciyarsa ba ta rufe ba, jibi za a sake dubawa. Hajiya surukata ta ce wutar na'urar za ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kada in yarda. Wallahi ko barci na kasa. Ya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya: Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Ki bari a yi. Irin sikanin da aka yi miki lokacin awo ne, da sauti yake aiki, ba shi da hasken nan na hoton ƙashi.

A cikin ciki jariri ba ya numfashi, sai jininsa ya riƙa bi ta wata gajeriyar jijiya yana kauce wa huhu. Yaron da ya cika watanninsa, takan rufe cikin kwana 2 zuwa 3. Bakwaini kuwa takan jinkirta. Idan tana da faɗi, jini ya yi wa huhu yawa, numfashi ya yi wuya, hanji da ƙoda kuma rabonsu ya ragu. Ja da shuɗin nan, inda jinin ya nufa suke nunawa. Maɗiga kuma, tunda ƙashi bai rufe wurin ba, ta nan ake leƙa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin bakwaini ba su yi ƙwari ba, jini kan iya tsiyaya a ciki a kwanakin farko ba tare da wata alama ba.

Maman 'yan biyu, Pantami: Hassan ɗina haka aka yi masa. Farasitamol likitoci suka ba shi ta jijiya, da aka sake dubawa ta rufe. Wata jaririya a ɗakinmu ma da kanta tata ta rufe. Amma kada ki kuskura ki ba shi komai da kanki. Ki dage da tatsar nono, in an ba ki izini ki riƙa sa shi a ƙirjinki, fata da fata.

Wani magidanci, Dukku: Baiwar Allah, kada ki yi jayayya da Hajiya, tsoro ne da son jika. Maigidanki ya kai ta wurin likitan ta ji da kunnenta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baban yaron ya ce zai zo da ita jibi da safe kafin a fara.