Me za mu kira "will" ɗin da ba na gobe ba?

Malamai masu koyar da Turanci da Hausa, ku matso kusa. Tun firamare aka cusa wa yara cewa will shi ne "za", wato abin da bai faru ba tukuna. Ran da ɗalibi ya ci karo da "My grandmother will sit by the door for hours", sai ya ce ai kaka za ta zauna a bakin ƙofa nan gaba. Alhali mai maganar labarin halin tsohuwar yake bayarwa: takan zauna nan ta daɗe, jiya haka, yau haka. Wannan will ɗin nake so mu raɗa wa suna, don a daina kame-kame a aji.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "will na al'ada". Ban karɓa ba. Da an ce al'ada, hankalin yaro ya tafi kamun amarya da hawan sallah, abin da jama'a suka gada. Nan kuwa sau da yawa mutum guda ake nufi da abin da yake yi shi kaɗai.

"Will na sabo" ya fi kusa da ma'ana, amma rubutu ya kayar da shi. Ba ma sa karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, don haka wani zai karanta sabo kishiyar tsoho. Ga kuma masu wayar da ba ta da ƙugiya, waɗanda a wurinsu saɓon Allah ma "sabo" ne.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne "will sabau", domin yana da gindi a nahawunmu. Lokaci sabau shi ne mai "kan": yakan zo, sukan tafi. Malaman Hausa ba sa buƙatar a yi musu bayani. To amma akwai gyara. Bature na da hanyarsa ta faɗin abin da aka saba ba tare da will ba: "She sits by the door". Wannan ne daidai da sabau ɗinmu. In ya sako will, ƙari ya yi: yana cewa na san ta sarai, ko yanzu ka leƙa haka za ka tarar. Asalin kalmar ma a tsohon Turanci, willan, "so" take nufi, kuma ƙanshin nan bai fita ba. Shi ya sa in aka danna murya a kanta, "He WILL leave the gate open", maganar ta zama mita: an yi, an yi, ya ƙi bari.

Kuma fa mu ma muna yi. "Kullum zai ci abinci ya bar kwano a nan." Wa ya ji wannan ya ɗauka gobe ake nufi? Uwar da ta faɗi haka ƙorafi take yi. Wanda ya fara darasi da wannan jumla ya rage wa kansa rabin aiki.

Saboda haka ni dai na tsaya kan "will na hali". Ya ɗauki zaman kaka, ya ɗauki mai barin ƙofa buɗe, har da abin da ba shi da rai: "Oil will float on water", halin mai ke nan a kan ruwa. Wani malami ya ce ɗabi'a ta fi, na ce ba laifi, sai dai hali ya fi sauƙi a baki.

Ɗan uwansa would, kamar a "He would walk to school barefoot", sai mu ce "would na halin dā". A ja kunnen ɗalibai kawai: yana tafiya da aikin da aka riƙa maimaitawa, ba da mallaka ko yanayi ba. "Dā ina da mota" sai da used to.