Notin sitiyari mai tsinke a tsakiya: a ina kuka samo makullinsa a Kaduna?

Mai gareji, Kawo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kawo mini tsohuwar Nissan, hon ba ya yi, fitilar jakar iska (jakar nan ta cikin sitiyari da ke kumbura idan an yi haɗari) kuma ta ƙi mutuwa. Na tabbata wayar nan da ke naɗe a bayan sitiyari ce ta tsinke. Sai na cire jakar kafin in kai gare ta, amma notuna biyun da ke riƙe da ita tauraro ne mai ɗan tsinke a tsakiya. Duk makullaina sun ƙi zama. Motar mutane yau kwana biyu a wurina, wallahi kunya ta ishe ni. Wa ya taɓa haɗuwa da irinsa?

Mai wayarin, Tudun Wada: Wa'alaikumus salam Oga. Sunan wannan notin Torx mai tsaro, makullinsa da rami a baki inda tsinken ke shiga. Tsofaffin Nissan da na kwance makulli mai lambar girma T50 suka ci, Toyota da Honda kuwa galibi T30. Nawa a Panteka na tsinto, wajen masu kayan aikin gwanjo. In ka ce Torx wasu ba za su gane ba, ɗauki hoton notin ka nuna musu.

Yaron gareji, Rigasa: Oga, don Allah kada ka karya tsinken. Ni na yi. Maigidana ba ya nan, na sa ƙusa da guduma, tsinken ya karye rabi, makullin ya zauna a karkace, ina murɗawa kan notin ya cinye. Sai da aka huda shi da inji, dab da jakar iska, hannun maigida har rawa yake yi. Aikin minti goma ya cinye mana yini, kuma mu muka biya kuɗin noti.

Makanike, Kakuri: Ni saitin makullan na saya a Ori Apata, wajen masu sayar da kayan gyaran mota. Ka ƙirga tsinin tauraron tukuna: shida ne ko biyar? Akwai mai biyar, shi ma da tsinke, na shida ba ya shigarsa. Ka nemi dogo, notin a lungu yake. Mai arha kuma a guje shi, ramin yana rage masa ƙarfi. Na farkon da na saya a noti ɗaya ya murɗe.

Dattijo, Barnawa: Yarana, kun manta babba. Cire kan batir, ka jira minti uku kafin ka taɓa komai. Tayoyi su miƙe sak kafin sitiyari ya fita, in ba haka ba sabuwar wayar ma za ta tsinke. Jakar kuma a ajiye ta fuskarta na kallon sama.

Mai gareji, Kawo: Allah Ya saka da alheri, Baba. Na ƙirga, shida ne. Na samu T50 mai rami a Panteka bayan La'asar, notunan sun fito lafiya. Gobe da safe zan ɗaura wayar in sha Allah.