Tsohon bugu mai ƙarce ko sabon bugu mai tsabta: wanne zan ɗauka?

Mai_Kunne ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tara faifai. Shawara nake nema a kan kundin waƙoƙi The Dark Side of the Moon na ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd. Na daɗe ina jin kundin nan a waya, amma tun da na sayi garmaho raina ya ƙwallafa a kan mallakarsa a faifai. Dalilina shi ne fuska biyu aka gina shi. Ta farko ta tashi da bugun zuciya, ta ƙare da muryar mawaƙiya Clare Torry, sai mutum ya miƙe ya juya faifan da hannunsa, ta biyu ta buɗe da ƙarar tsabar kuɗi. Wannan ɗan numfashi na tsakiya babu shi a waya, kuma ni ina ganin yana cikin aikin.

Guda biyu ne a gabana. Ɗaya tsohon bugun Ingila ne mai lamba SHVL 804, mai shi ya ce na 1973 ne, ya ba shi darajar VG (wato Very Good, matakin faifan da ya sha amfani har ya nuna a jikinsa). A hoton da ya turo akwai siraran ƙarce a fuska ta farko, kusurwar bango ta ɗan ci, fasta (babban hoton mannawa a bango) ɗaya ce ta rage a ciki. Ɗayan sabon bugun 2016 ne, ko ledarsa ba a yage ba. Zuciyata tana wajen tsohon, don ina son in riƙe abin da aka buga a shekarar da kiɗan ya fito. To yaya zan tabbatar bugun farko ne? Kuma ga wanda sauraro ne ya fi damunsa, wanne ya fi?

Dattijo33 ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Lambar SHVL 804 ita kaɗai ba hujja ba ce. Kamfanin Harvest ya yi shekaru yana sake buga faifan nan da wannan lambar, don haka na watan Maris 1973 da na ƙarshen shekarun 1970 duk ita suke ɗauke da ita.

Ka sa mai shi ya ɗauko maka hoton takardar da ke tsakiyar faifan. A bugun farko na Ingila, alwatikan da ke jikinta shuɗi ne cike fal. A na baya kuwa zanen gefensa kawai aka bari, cikinsa baƙi. Sannan ya karkata faifan a gaban fitila ya ɗauki hoton filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takarda. A nan ake buga lambar yanka, wato lambar da ke nuna karo na nawa aka yanka tsagin kiɗan daga tef ɗin asali. Na farko galibinsu A-2 ne a fuska ɗaya, B-2 a ɗayar, kuma lambar tana hawa duk lokacin da aka sake yanka. Za ka kuma ga wani ɗan harafi ko biyu a gefe. Masana'antar EMI, uwar kamfanin Harvest, ta riƙa amfani da haruffan GRAMOPHLTD a madadin lambobi, G ita ce 1, R ita ce 2, haka har ƙarshe, don nuna ƙarfen da aka danna faifan da shi. Ƙarfen nan yana cinyewa da aiki, sai a canza wani.

Asalinsa fasta biyu da sitika biyu ne a cikin bangon. Tunda ɗaya ta rage, ko da bugun farkon ne bai cika ba, kuma ya kamata hakan ya fito a ciniki.

Gimbiyar_Faifai ta amsa:

Baba ya gama magana a kan tantancewa, Allah ya ƙara girma. Ni tambaya ta biyu zan taɓa, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: a kan wannan kundin musamman, ba na sayen VG.

Malam, ka tuna yadda yake farawa. Shiru ne, sai bugun zuciya ya taso daga ƙasa a hankali, muryoyin mutane suna shigowa sama-sama. Duk ƙarcen da ke bakin faifan a nan za ka ji shi, ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane zagaye, kuma faifan yana zagaye 33 da sulusi a minti. Da kundi ne mai hayaniyar jita daga farko har ƙarshe, kiɗan zai danne. Wannan kuwa cike yake da wurare masu taushi. Ga shi waƙoƙin kowace fuska a manne suke da juna babu tsayawa, in ƙarce ya fizge hankalinka ya tsinka maka zaren duka.

Akwai kuma lahanin da hoto ba ya nunawa. Allura tana tafiyar kusan santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, amma in ta kusa tsakiya bai wuce 20 da 'yan kai ba. Kiɗan yana cunkushe ke nan a ƙaramin fili, allura tana wahalar bin sa. To muryar Clare Torry daidai wannan wurin take, a ƙarshen fuska ta farko, kuma tana ɗaga ta iya ƙarfinta. Faifan da ya shekara hamsin ana jan sa da allura mai nauyi ko wadda ta dushe, a nan yake fara mutuwa. Sai ka ji muryar tana tsagewa tana yashi-yashi, alhali faifan yana sheƙi a ido. Wanki ba ya gyara wannan, robar ce ta cinye. Ina da tsohon bugu mai wannan ciwon, kuma duk lokacin da aka zo wurin ina jin zafinsa, don saboda wannan muryar na nemi faifan tun farko.

Na 2016 ba abin rainawa ba ne. James Guthrie, wanda ya daɗe yana aiki da ƙungiyar, da Joel Plante da Bernie Grundman ne suka yi aikin sautinsa. Nauyin giram 180 da aka rubuta a jiki ba shi ne ke kawo daɗin sauti ba, amma robar sabuwa ce, shirunsa shiru ne. In ka nace sai tsoho, ka jira VG+ (matakin da ke saman VG) ko sama, kuma mai shi ya sa maka farkon fuska ta farko da ƙarshenta ka ji da kunnenka.

Injiniya_45 ya amsa:

Ɗan'uwa, wane irin garmaho gare ka? In irin mai kamar akwati ne da sifika a jikinsa, ka dakata da sayen kowanne. Yawancinsu suna danna allura da nauyin giram biyar ko fiye, alhali kawunan allura masu kyau giram ɗaya da rabi zuwa biyu suke so. Bugun zuciyar nan ƙaramar murya ce mai zurfi, ƙananan sifikun akwati ba za su fito da ita ba. Ka samu ɗan ma'aunin nauyin allura, ka daidaita hannun, ka riƙa share ƙura da burushi kafin ka sa. Ajiya kuma a tsaye, nesa da rana da zafi, don robar tana lanƙwashewa.

Mai_Kunne ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, nawa mai hannu ne da ake daidaitawa, yana kan giram biyu.

Baba, hoton ya iso. Alwatikan zanen gefe ne kawai, lambar yanka kuma ta haura 2 a fuskokin biyu. Mai shi bai yi musu ba da na nuna masa. Ya kuma turo min sautin ƙarshen fuska ta farko, kuma Hajiya, abin da kika kwatanta shi na ji, muryar tana tsagewa in ta hau sama. Na 2016 zan ɗauka in saurara. Amma ban haƙura da mai shuɗin alwatika ba. Injiniyan sauti Alan Parsons da mutanen ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road sun yi aikin nan daga 1972 zuwa farkon 1973, kuma ina son wata rana in ji yankan da aka yi lokacin da tef ɗin yake sabo.

Dattijo33 ya amsa:

Madalla. In sabon ya zo, ka wanke shi kafin sawar farko, don sabbi ma sukan zo da ƙurar masana'anta a cikin tsaginsu. In rigarsa ta ciki takarda ce zalla, ka canza masa mai leda a ciki. Mai shuɗin alwatika kuwa, duk wanda ya kawo maka shi, ka fara neman hoton lambar yanka kafin maganar kuɗi.