Gwada kwararar bayanai a Java: abin da hirarmu ta tsayar

Mun daɗe muna muhawara da abokan aiki kan gwajin manhajar da ke fitar da bayanai a jere. Abin da kowa ya yarda da shi: Stream na Java (Java harshen rubuta manhaja ne, Stream kuma hanyar da bayanai ke bi ɗaya bayan ɗaya) sau ɗaya ake amfani da shi. Ka ƙirga abin da ke ciki, ka dawo duba na farko, sai kuskuren da ake kira IllegalStateException ya tare ka. Don haka a juye shi cikin List, wato ma'ajiyar bayanai a jere da ake iya dubawa sau da yawa, tukuna.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne jeri. In wanda ya riga wani yana da muhimmanci, containsExactly na AssertJ, kayan aikin tantance sakamakon gwaji, ya dace. In kuwa daga HashSet (ma'ajiyar da ba ta ba da tabbacin jeri) bayanan suka fito, a ɗauki containsExactlyInAnyOrder, wanda bai damu da jeri ba, in ba haka ba gwajin ya wuce yau, ya faɗi gobe. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan wannan.

Sai batun jiran bayanai. Masu aiki da Reactor, kayan aikin sarrafa bayanan da ke isowa a kan lokaci, suka ce a rabu da Thread.sleep, umarnin da ke tsayar da gwaji ya yi jira na gaske. StepVerifier.withVirtualTime, kayan gwajin Reactor, yana ba ka agogon kwaikwayo da ake turawa gaba, jiran awa guda ya ƙare nan take. Sai dai kada a manta da umarnin verify a ƙarshe: in babu shi, gwajin bai ma fara ba, amma zai nuna maka kore, alamar ya wuce.