Bikin wasan gaban jama'a a Maradi: a saka bori ko a cire?

Ɗan wasa daga Sabon Gari: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Ni da abokan aikina mun shirya ƙaramin biki na wasannin da ake yi a gaban jama'a ba tare da rubutaccen labari ko dandamali ba, inda jikin ɗan wasa da martanin masu kallo su ne wasan gaba ɗaya. Mai filin da muka kama haya ya karɓi kafin alƙalami, amma da ya ji bayanin shirin sai ya maido mana da kuɗinmu, ya ce ba ya ba mahaukata wurinsa. A 2010 wata 'yar wasa mai suna Marina Abramović ta yi kusan wata uku tana zama a kan kujera a wani gidan nune-nunen fasaha na New York ba ta cewa uffan, mutane suna bin layi domin su zauna a gabanta, kuma ba a kira ta mahaukaciya ba. Ni kuwa ina cewa mun riga Turawa wannan fasaha, domin muna da tashe da wasan kara da 'yan kama da gardawa da bori, saboda haka babu garin da ya fi Maradi cancantar irin wannan biki.

Malamin islamiyya daga unguwar Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗana, na bi maganarka da natsuwa har ka kawo kan bori. Yaran da suke tashe bayan goma ga azumi sun san kwaikwayo suke yi, masu ba su sadaka ma sun sani, amma wanda ya hau bori cewa yake yi iska ce take magana da bakinsa, kuma ana yi wa iskar yanka. Wannan shirka ce, ba a sanya ta a jerin wasanni.

Hajiya daga Bagalam: Allah gafarta Malam, ni ma ban yarda bori wasa ba ne, sai dai dalilina ya sha bamban da naka. Kakata 'yar bori ce, kuma ba ta taɓa fita domin a tafa mata ba. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ake yi wa girka, masu goge da masu ƙwarya suna kiran kowace iska da kiɗanta, Iya kuma, wato shugabar 'yan bori, sarauta ce a fadar Katsinar Maradi. Yaron nan ya rage wa abin daraja da ya jera shi da 'yan kama masu barkwancin tuwo.

Malamin makaranta daga Ali Ɗan Sofo: Hajiya, kiɗa da sutura da rawa da 'yan kallo idan suka haɗu a fili guda, ko an so ko an ƙi akwai wasa a ciki. A cikin iskoki, wanda Malam Alhaji ya hau yana tafiya a duƙe yana tari, wanda Ɗan Galadima ya hau yana rabon kyauta irin na 'ya'yan sarki, kuma jama'a suna gane kowannensu tun kafin ya yi magana. Me ya rage a kira shi wasan kwaikwayo?

Malamin islamiyya: Malam, ashe ka san sunayensu haka? Ina fatan ba wannan kake koya wa 'ya'yanmu a aji ba.

Malamin makaranta: Allah gafarta Malam, sanin abu daban, yinsa daban. Ka tuna a watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka yi bore a kan bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a wajen Yamai, a nan Maradi aka ƙone gidan Iya, alhali ba ta ɗinka riga ko ɗaya ba. Irin wannan zargi ne yake hura wutar.

Malamin islamiyya: Ban ƙone gidan kowa ba, kuma ina neman ka janye wannan shaguɓe.

Bagobiri daga Tsibiri: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Kuna ta ambaton Iya kamar a Maradi aka fara abin, alhali kowa ya san matsayin takwararta Inna a fadar Gobir ya fi ƙarfi, domin ana ɗaukarta abokiyar mulkin Sarki. Idan za a yi bikin nan da gaske, Tsibiri ce mazauninsa.

Hajiya: Ƙanena, kowace muhawara sai kun maido ta Tsibiri. Ɗan Kasawa ya zaunar da Katsinawa a nan kafin a kafa garinku, kuma har yau a kasuwarmu kuke cin kasuwa.

Wani Badamagare mazaunin Maradi: Ku duka biyun kun makara. A Damagaram aka buɗe bikin matasa na ƙasa a 1976, zamanin Seyni Kountché, lokacin da ƙungiyar matasa ta samariya take cika fili, kuma wasan kara da wannan yaro yake tinƙaho da shi ai mu aka sani da shi.

Ɗan wasa: Iyayena, fili nake nema, har yanzu babu wanda ya ce mini ga inda za mu yi.

Hajiya: Ɗana, ka fara janye kakata daga cikin 'yan kama tukuna.

Mai kula da zaure: Jama'a, dare ya yi, ga abin da aka cim ma. Mafi yawan masu magana sun amince bori ba wasa ba ne, kamar yadda Malam ya faɗa tun farko da hujja mai ƙarfi, Hajiya ma ta goyi bayansa. Malamin makaranta ya kawo tarihin da ba a tambaye shi ba, mun kuma lura bai janye maganarsa ba. Batun Iya da Inna an riga an san amsarsa, mu Katsinawa ba ma jayayya da baƙi a kansa. Shi kuma mai neman fili, ya cire bori daga takardarsa ya sake turowa bayan sallar Juma'a, za a duba.